Me Ke Sa Magidanci Ya Zaɓi Inshorar Rai?

Inshorar rai yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Mutum yana zuba kuɗi kaɗan-kaɗan. Idan ya rasu, kamfani ya biya iyalinsa abin da aka yi alkawari.

Inshorar iri-iri ce. Akwai mai wa'adi, misali shekara 10. Zubinta ba yawa, shi ya sa ta dace da mai ƙaramin ƙarfi da ƙananan 'ya'ya. Amma in wa'adi ya cika yana raye, ba ya samun ko kwabo. Akwai kuma mai haɗe da ajiya. Ta fi tsada, sai mai samu kowane wata. Manomi kuwa kuɗinsa sai kaka. Zubin wata-wata yakan gagare shi, kuma in zubi ya tsaya inshorar tana iya rushewa.

Ma'aikaci ya fi samun sauƙi. Dokar fansho ta 2014 ta ce wurin aikinsa ya yi masa inshorar da ta kai albashinsa na shekara uku.

Musulmi da yawa suna gudun inshora saboda kuɗin ruwa. A 2013 hukumar inshora ta Nijeriya ta fito da ƙa'idojin takaful, wato zubi don taimakon juna bisa shari'a.