Teburin Mai Shayi a Harabar Asibiti

Daga Dogon Daji zuwa Kware tafiya ce mai ɗan nisa. Sai an bar ƙasar Tambuwal, an ratsa birnin Sakkwato, sannan a yi arewa zuwa asibitin gwamnatin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Amma dawowar ta fi tafiyar wuya. Mutum ya samu sauƙi, an sallame shi da ƙullin magani, ya iso gida ya tarar ba mai aikensa ko sayen gishiri. An hana shi gona, wai kada rana ta tayar da ciwon. Sai zaman zaure daga safe har magariba, yara na leƙe suna gudu.

Wannan zama yana cin mutum. Magani yana kwantar da jin muryoyi da firgita, amma mutuwar jiki da gudun jama'a da ciwon kan bari ba sa jin ƙwaya sosai. Shi ya sa wasu asibitocin duniya suke buɗe ɗakin shan shayi a harabarsu, su damƙa shi ga majinyatan da suka fara murmurewa, ƙarƙashin kulawar ma'aikata.

A dubi aikin mai shayi da kyau. Dole ya tashi da asuba ya hura wuta, wannan kuwa yana daidaita barci, wanda rikicewarsa kan zama alamar farko ta dawowar ciwo. Wani ya ce, "Malam, a ƙara madara, ban da siga," wani yana jiran wainar ƙwai, na uku ya miƙo ɗari biyar yana son canji. Riƙe waɗannan a ka lokaci guda motsa ƙwaƙwalwa ne. Hannun da magani ya sa yana rawa zai fara da wanke kofuna da yanka burodi kafin a ba shi buta mai zafi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kiran nan na "Malam". Wanda aka daɗe ana ce wa mahaukaci, yau ga likitansa tsaye yana jiran ya zuba masa shayi.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a. A birnin Trieste na Italiya kuwa, likita Franco Basaglia ya tarar majinyata na share asibiti ba a biyansu, an laƙaba wa aikin sunan magani. A farkon shekarun 1970 suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa suka fara karɓar albashi. A harabar tsohon asibitin nasu, San Giovanni, aka buɗe wurin cin abinci da shan gahawa mai suna Il Posto delle Fragole.

Batun biyan nan shi ne ginshiƙi. In ba a biya mutum guminsa ba, bauta ce, ko da an kira ta jinya. Haka kuma ba a tilasta wa kowa, ba a ɗora wa wanda ciwonsa ke kan ganiya.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma haramta nuna wa masu lalurar bambanci wajen aiki. Sai dai doka ba ta koya wa mutum sana'a. Teburi ɗaya, benci biyu, buta da murhu sun isa a fara a bakin asibiti, inda 'yan jinya ke neman ruwan zafi kowace safiya. Wanda ya yi wata uku a kansa zai koma Dogon Daji ko Kebbe ya san kuɗin gwangwanin madara, ya san kofi nawa yake fitarwa, kuma yana da abin da zai kafa a tasha ranar kasuwa.