Injin da ke Ƙifta Ido: Wata Maganar Turanci da Takwararta ta Hausa

A cikin 1947 aka buɗe makarantar horon akawuna a Kongo, wajen Tudun Wadan Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki a 1954, sa'an nan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Turancin da akawu ke bukata kuwa Turancin ofis ne. In keken rubutu ko wayar tarho ta ƙi aiki, abin da ya kamata ya rubuta wa na gaba da shi shi ne "out of order". Kalmar nan ta ƙarshe ta sami shiga Hausa, har akan ji direba ya ce motarsa ba ta da oda.

Amma Turawa suna da wata magana dabam wadda ba ta shiga takardar ofis, watau "on the blink". Ma'anar "blink" ita ce ƙifta ido. An fara ganin maganar a rubuce a Amurka wajen 1900, galibi kuwa akan danganta ta da fitilar lantarki wadda ke kawowa tana ɗaukewa kafin ta mutu. Saboda haka ta fi dacewa da injin da bai mutu ba tukuna: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

A nan ne mai fassara yakan yi tuntuɓe. In ya bi kalma da kalma ya ce rediyo yana ƙifta ido, ya ɓad da mai sauraro, gama ƙiftawa a wurin Bahaushe alamar sauri ce, kamar yadda akan ce "kafin ƙiftawa da bisimilla", ko kuwa ishara ce ta asiri tsakanin mutum biyu. In kuma ya gudu daga wannan ya ce rediyo ya lalace, ya faɗi abin da ya wuce nufin Bature. Dalili yana cikin ƙirar kalmar. A tsarin aikatau na Hausa wanda F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, "lalace" tana cikin aji na 4, masu ƙarewa da -e, waɗanda sau da yawa ke nuna aiki ya kai matuƙa. Haka "ƙone" da "tsinke" da "mace". Motar da ta mace a kan hanyar Kaduna ba a sa ran ta tashi sai makaniki ya zo.

Takwarar da ta fi kusa ita ce "yana gardama". Na farko, lokacinta mai ci ne, ba shuɗaɗɗe ba, watau tana nuna hali ne wanda ake ciki, daidai da ta Turancin. Na biyu, mai gardama yana iya sakkowa. Abin lura kuma shi ne ba injin ne ya zo da maganar ba. Jaki da doki sun riga shi gardama, kuma da kalmomin masu rai Bahaushe ya karɓi mota: tana tashi, tana ƙin tashi, tana shan mai, tana mutuwa. Bature ya ba injinsa ido, Bahaushe ya ba nasa taurin kai, wanda lalle ya fi kama da abin da mai tura mota da sassafe yake ji a ransa.

Saura batun muhalli, wanda malaman makarantun horon malamai ya kamata su nanata. Duka biyu maganganun hira ne. Ɗalibin da ya tsinci "on the blink" a littafi ya sa ta cikin wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya yi kamar wanda ya rubuta wa hakimi cewa famfon gari yana gardama. A takarda irin wannan "ba ya aiki" ake rubutawa.