Skagen: a wane wata ya kamata a ziyarci garin da ƙasar Danmak ta ƙare?

Sunan Danmak ba baƙo ba ne ga mutanen jihohin Damagaram da Difa, inda aka gina rijiyoyi da famfuna masu yawa da taimakon wannan ƙasa. Amma ƙasar ita kanta, kaɗan ne daga cikin ƴan Nijar suka taka ta. Ɗan kasuwar da ya je Beljik ko Jamus sayen motoci, da ma'aikacin gwamnatin da aka tura taro ko ƙarin horo a Turai, sau da yawa kwana 3 ko 4 kan rage musu kafin ranar komowa gida. Bizar Shengen da ke cikin fasfonsu kuwa tana buɗe musu ƙofar Danmak, domin ƙasar ta shiga wannan tsari tun 2001. Ga wanda ke son ya yi waɗannan kwanaki inda zai ba idonsa abinci, akwai wani ɗan gari na bakin teku mai suna Skagen. Sai dai garin yana da sharaɗi guda: a san watan zuwa. Wanda ya kuskure lokaci, ko tsada ta cinye guzurinsa, ko duhu da iska su tsare shi cikin ɗaki.

Inda tekuna biyu ke karo

Skagen, wanda mutanen ƙasar ke furtawa kamar "Sikeyin", shi ne gari na ƙarshe a arewacin Danmak. Yana zaune bisa wani siririn harshen ƙasa da ruwa ya sa tsaka, gabas da yamma. Mazaunansa ba su kai 8000 ba, amma tsohon gari ne: tun 1413 sarki Erik na Pomeraniya ya ba shi matsayin garin kasuwa. Gidajensa gajeru ne, an shafe bangonsu da rawaya, rufinsu ja ne da farin layi a gefe. Kamun kifi shi ne tushen arzikinsa. An buɗe tashar jiragen ruwansa a 1907, yau kuma babu tashar da ta fi ta saukar da kifi a duk Danmak.

Ƴan kilometir kaɗan daga tsakiyar gari, ƙasa tana ta tsukewa har ta zama ɗan tsinin rairai da ake kira Grenen. A nan tekun Skagerrak da ke yamma da tekun Kattegat da ke gabas su ke haɗuwa, igiyar wannan tana karo da igiyar wancan. Baƙo ya kan tuɓe takalmi ya tsaya, ƙafa ɗaya cikin kowane teku. An hana iyo a wurin sabili da ƙarfin ruwa. Wanda ba ya son tafiyar ƙasa cikin rairai, akwai wata tarakta mai jan amalanken fasinja, sunanta Sandormen, watau tsutsar rairai. Kusa da nan akwai hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, wadda aka gina a 1858. Tsawonta metir 46, matakalarta 210. Fiye da mutum miliyan 1 ke zuwa Grenen kowace shekara, akasarinsu cikin ƴan satuttukan zafi. Wannan cunkoso na ɗan lokaci shi ne mafarin duk lissafin da ke tafe.

Rairan da ya ci majami'a

Abin da zai fi ba mutumin Sahel mamaki a Skagen ba teku ba ne, rairai ne. Daga ƙarni na 16 zuwa na 19, iskar yamma ta yi ta kwaso rairan bakin teku tana binne gonaki da gidaje. Majami'ar Laurentius, wadda aka gina a ƙarni na 14, ta kai ga sai masu ibada sun haƙe ƙofarta kafin su shiga. A 1795 sarki ya ba da umurnin rufe ta, daga baya aka rushe ginin, aka bar hasumiyar kaɗai domin masu jiragen ruwa su riƙa gane gaɓa da ita. Har yau tana tsaye, fara fat, cikin itatuwa.

Hukuma ta shawo kan rairan ne da shuka wata ciyawa mai dogayen saiwoyi, sannan da dasa dazuzzuka a ƙarshen ƙarni na 19. Amma da gangan aka bar tudu guda yana tafiya, domin ƴan baya su ga abin da kakanninsu suka sha. Sunansa Råbjerg Mile, kamar kilometir 16 kudu maso yamma da gari. Gwamnati ta saye wurin a 1900. Tudun ya kai metir 40 bisa ga teku, kuma kowace shekara yana matsawa kimanin metir 15 zuwa arewa maso gabas. Ma'aikacin gandun daji da ya taɓa kafa shingen tsayar da rairai a Gure, Gudumariya ko Maine-Soroa, in ya hau wannan tudu, zai ga aikin da ya sani ne aka yi a wata ƙasa, shekaru fiye da 100 da suka wuce.

Hasken da ya jawo masu zane

Abin da ya fitar da sunan Skagen a duniya kuwa haske ne. Da ya ke ruwa ya kewaye garin, farin rairai kuma ya shimfiɗu ko'ina, hasken rana yana da wani irin tsabta da masu zane suka yi sha'awa. Michael Ancher ya iso a 1874, ya auri Anna, ɗiyar masu otel ɗin Brøndum, wadda aka haifa a garin a 1859, ita ma ta zama babbar mai zane. P. S. Krøyer ya biyo baya a 1882, a nan kuma ya rasu a 1909. Sun zana masunta, da matan da ke jiran komowar jiragen mazajensu, da yammacin bakin teku, lokacin da ruwa da sama ke zama launi ɗaya. Gidan adana zane-zanen garin, wanda aka kafa a 1908, yana riƙe da ayyukansu. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso a 1890 ita ta kawo masu yawon buɗe ido a bayansu. To amma wannan haske da ake kuranta ba kullum a ke samunsa ba, yana da watanninsa.

Daga Nuwamba zuwa Maris

A Yamai bambancin wuni mafi tsawo da mafi gajarta kimanin awa ɗaya da rabi ne. A Skagen bambancin ya fi awa 11. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 9 na safe, ta faɗi wajen 3 da rabi na yamma, watau wunin awa 6 da rabi. Ma'aunin zafi a Janairu da Fabrairu yana yawo kusa da sifiri, iskar teku kuma tana ƙara wa sanyin kaifi. Otel-otel da gidajen abinci da dama suna rufewa ko su rage lokutan aiki, taraktar Grenen ma tana hutu. Kuɗin masauki yana sauka ƙwarai, amma arahar da mutum zai ci a kulle cikin ɗaki asara ce. Wanda jikinsa bai san sanyin da ya wuce na hunturun Agadas ba, ya bar waɗannan watanni ga ƴan ƙasa.

Yuli, watan cunkoso

Makarantun Danmak suna tafiya babban hutu a ƙarshen Yuni, su komo kafin tsakiyar Agusta. Mutanen ƙasar da lambar sati su ke lissafin shekara, kuma satuttuka na 28, 29 da 30 su ne na hutun mafi yawan ma'aikata. Sati na 29, wanda ke faɗowa tsakiyar Yuli, ya yi suna a duk ƙasar: lokacin ne attajiran unguwannin arewacin Kopenhag ke kwararowa Skagen da manyan motocinsu. A farkon watan kuma a kan yi bikin kaɗe-kaɗe na garin, wanda aka soma tun 1971. Ga kuma manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna sauke nasu fasinja. Yanayi dai yana da daɗi, zafin rana wajen digiri 20, amma ɗaki yana wuya, kuɗinsa yana kai ƙololuwa, a Grenen kuwa sai an bi layi kafin a ɗauki hoto. Ɗan kasuwa ya san wannan doka tun daga kasuwar Maraɗi: ranar da masu saye suka yi yawa, ba a tayi.

Daga tsakiyar Mayu zuwa 23 ga Yuni

Wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa, bisa dalilai huɗu. Na farko, haske: a Yuni rana tana fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, wuni ya kai awa 18, har tsakar dare ma sama ba ta yin baƙi ƙirin. A tsohuwar unguwar Højen, ta gaɓar yamma, mutane su kan taru musamman don kallon faɗuwar rana. Na biyu, ruwan sama: wannan yanki na shekara ya fi Agusta zuwa Nuwamba ƙarancin ruwa. Na uku, makarantu ba su tashi ba, saboda haka ana samun ɗaki, komai kuma a buɗe ya ke.

Na huɗu su ne tsuntsaye. Daga Afrilu zuwa farkon Yuni, waɗanda suka yi hunturu a kudu suna komawa Norwe da Suwidin, siririn harshen ƙasar kuma yana tattara su kamar mazurari kafin su tsallake teku. Ana ganin dangin shaho da gaggafa dubbai. Wasu daga cikin matafiyan, irin su tsattsewa, daga Afirka su ke, sun ratsa Sahara. Tun 2017 aka mai da hasumiyar 1858 cibiyar nazarin ƙaurar tsuntsaye.

Daren 23 ga Yuni kuwa shi ne Sankt Hans, bikin tsakiyar lokacin zafi. Ana hura babbar wuta a bakin teku, jama'a su kewaye ta suna waƙa. Krøyer ya kammala wani shahararren zane na wannan dare a 1906, yana rataye a gidan zane-zanen garin. Wanda ke son ya kwana a Skagen ranar, sai ya kama ɗaki tun da wuri.

Kada kalmar "lokacin zafi" ta ruɗi kowa. A Mayu zafin rana bai cika wuce digiri 15 ba, alhali matafiyi ya baro Tawa ko Yamai cikin digiri 40 da wani abu. Rigar sanyi da rigar tare iska wajibi ne. Akwai kuma lissafin kalandar Musulunci: a 2016 azumi ya faɗo a Yuni, masu azumi a wannan yanki suka wuni fiye da awa 18. A 2025 ya komo Maris, a 2026 kuma Fabrairu da Maris, yana ci gaba da ja baya. Babbar salla ce ke shiga Mayu: ƙarshen watan a 2026, tsakiyarsa a 2027.

Wanda wannan lokaci ya kuɓuce masa, yana da dama ta biyu daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Ƴan makaranta sun koma, gari ya yi sarari, ruwan teku bai gama hucewa ba, sai dai ruwan sama ya fi yawa, wuni kuma yana raguwa da sauri.

Hanya, takardu da kuɗi

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Yamai zuwa Danmak, sai an canza jirgi, misali a Istambul. Daga Kopenhag zuwa Aalborg tafiyar jirgin sama ba ta kai awa ɗaya ba. Daga Aalborg jirgin ƙasa yana kai mutum Skagen cikin kimanin awa 2, ta hanyar Frederikshavn, wadda ke kilometir 40 kudu da garin. Mai tasowa daga Hambur ta Jamus da mota, tafiyar ta ɗara kilometir 500. A cikin gari kuwa keke ya isa, ana ba da hayarsa, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce.

Danmak ba ta amfani da yuro. Kuɗinta kuron ne, kuma yuro 1 yana daidai da kusan kuron 7 da rabi, watau kuron 100 ya tasam ma jika 9 na sefa. Harajin da ke bisa kayan saye 25 ne cikin 100, shi ya sa komai ke da tsada. Kusan ko'ina da katin banki a ke biya. Tun Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne, kimanin jika 59, kuma sai da inshorar lafiya ta yuro 30 000. Ana iya ajiye takardu tun watanni 6 kafin tafiya, amma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Danmak yana gaban na Nijar da awa ɗaya, sauran watanni kuwa daidai su ke.

Ke nan mai niyyar ganin Skagen a farkon Yuni, tun Fabrairu ko Maris ya kamata ya nemi hutunsa a wurin aiki, ya haɗa takardun biza, ya kama ɗaki. Kwana 3 sun isa: ɗaya na Grenen da hasumiya, ɗaya na gidan zane-zane da tashar masunta, ɗaya na majami'ar da rairai ya ci da tudun Råbjerg Mile. Kuɗin jirgi da wahalar biza ba sa raguwa don mutum ya je a Disamba ko a sati na 29. Tun da za a biya su ko ta yaya, gara a biya su a watan da rana ke daɗewa, gari kuma bai cika ba.