Idan Kuloci Ya Fara Karkarwa a Cunkoson Germantown

Duk mai bin babbar hanyar I-270 da safe daga Germantown zuwa Washington ya san tafiyar: ka matsa kaɗan, ka tsaya, ka sake matsawa. A irin wannan cunkoso ne tsohuwar mota mai giyar hannu take tona asirinta. Kana ɗaga ƙafa daga kuloci a giya ta ɗaya, sai ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, da ta ɗauki gudu kuma shiru.

Nan take mai mota yakan yanke hukunci cewa faifan kuloci ya cinye. Sau da yawa ba haka ba ne. Faifan da ya cinye zamewa yake yi, inji na ƙara mota ba ta ja. Karkarwa kuwa kamawa da saki ne cikin sauri, kuma galibi wani abu ne ya jawo ta. Baƙin mai yana yoyo daga robar bayan inji ko ta gaban giyabos ya jiƙa faifan. Ko fuskar fulawil, babban faifan ƙarfen da kuloci ke mannewa da shi, ta ƙone ta yi tabo-tabo saboda direban da ke riƙe mota a hawa da rabin kuloci. Ko kujerun inji sun tsage, injin na rawa a mazauninsa. Wannan na ƙarshe shi ya kamata a fara dubawa, domin ba sai an sauke giyabos ba. Idan kuma da sanyin safiya kawai take yi, ta daina bayan ɗan lokaci, raɓa ce, a bar ta.

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano mutum zai sayi faifai shi kaɗai, bakanike ya ɗaura, in bai yi ba a sake kwancewa, don kuɗin aiki bai kai na kaya ba. A Maryland kuwa, inda Germantown take, da awa ake biyan bakanike, kuma sauke giyabos aikin awanni ne. Ga shi masu giyar hannu sun yi ƙaranci ƙwarai cikin sababbin motocin Amurka, don haka ba kowane gareji ne hannunsa ya saba da aikin ba. Saboda haka in an riga an buɗe, a canza faifai da murfin da ke danne shi da boris gaba ɗaya, a goge fulawil, a toshe yoyon mai. Wanda ya bar yoyo ya sa sabon faifai, karkarwa za ta dawo. Motocin da ke da fulawil mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985, yawanci sabo ake sa musu.

Wajen zaɓen kaya, lambar jikin mota mai gurbi 17, wadda ta zama doka a Amurka daga 1981, tana kai ka ga kayan da ya dace. In motar ta girmi haka, a auna faɗin tsohon faifan, a ƙirga haƙoran tsakiyarsa. Kayan kamfanonin Exedy da Aisin sun dace da motocin Japan, na Sachs da LuK kuma da na Jamus. Faifan tsere mai kunnuwan tangaran da matasa ke sha'awa kuwa, da ƙarfi yake cafka, a cunkoso shi kansa karkarwa yake sawa. A ɗauki na yau da kullum mai sifirin a tsakiya, a lallaɓa shi mil 500 na farko. Tsofaffin faifai na iya ɗauke da asbestos, kada a hure ƙurarsu da iska.