Taramol a Kasuwa: Yadda Jiki ke Kamuwa da Yadda Ake Fita

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Illela, Birnin Konni da Maigatari, ba kasafai ake fara shan taramol don neman maye ba. Ɗan dako yana so ya sauke kayan mota biyu maimakon ɗaya, direba kuma yana so ya kai Maraɗi ya juyo a daren. Shi ya sa iyali ba sa farga da wuri, domin abin da suke gani shi ne mutum mai himmar nema.

Taramol magani ne na rage zafin ciwo, dangin mofin da kodin. A asibiti ana ba da ƙwaya mai miligiram 50 ko 100, kuma babba ba ya wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tire da bakin tasha kuwa takan kai 200 ko 225, wato ƙwaya biyu sun cike iyakar ko sun zarce ta. Yawanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma danne numfashi. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 masu shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A cikin duk masu ta'ammali da ƙwayoyi huɗu, ɗaya mace ce. Lamarin ya shiga ɗakuna.

Bahaushe ya ce sabo turken wawa, amma wannan turken yana ɗaure mai wayo ma. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, sai ƙwaya ɗaya ta daina aikin da take yi a da, mutum ya koma biyu, ya koma huɗu. Ranar da bai samu ba, cikin yini guda ciwon yankewa zai taso: hamma, majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, fargaba da rashin barci. A wannan mataki yana sha ne kawai don ya iya tashi ya fita kasuwa. Ciwon yakan lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan, amma ƙwaɗayin ƙwayar yana iya bin mutum watanni.

Kada a tilasta wa wanda ya daɗe yana sha ya yanke rana ɗaya a gida, musamman idan yana haɗawa da ƙwayoyin barci irin su Valium, domin yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai kisa. Ma'aikacin lafiya ne zai tsara ragewa sannu a hankali.

Bayan jiki ya natsu sai a shiga zaman shawara, wanda mutane da yawa suke zaton faɗa ne ko nasiha. Mai ba da shawara tambaya yake yi, ya saurara, ya riƙe sirri. Me ƙwayar take ba ka? Me ta karɓe maka? Idan mutum ya lissafa da bakinsa jarin da ya karye da bashin da ya taru, maganar takan fi kama shi a kan wadda aka jefa masa. Daga nan su biyun za su zauna su gano abin da ke tayar da ƙwaɗayin: majalisar da ake zama, teburin mai shayi na asuba, ranar kasuwa da kuɗi ke shigowa, ko saɓani da maigida. Kowanne sai a yi masa shiri, a sauya hanya, a ba wani amintacce ajiyar ciniki, a san wanda za a kira. Ƙwaɗayi yana tasowa ya yi ƙarfi sannan ya sauka da kansa, kuma wanda ya taɓa jure shi har ya wuce ya san ana iyawa. Sau da yawa a ƙarƙashin shan akwai ciwon baya na gaske ko damuwa mai tsanani. In ba a magance su ba, an yi aikin baban giwa.

Komawa sha bayan an daina abu ne da ke faruwa, kuma ba ya nufin magani ya gaza. Sai dai lokacin yana da haɗari ƙwarai: sabon jiki ya riga ya ragu, adadin da mutum ke sha a da yanzu zai iya kashe shi. A ganina ɗauri da duka ba sa koya wa kowa yadda zai wuce teburin mai sayarwa. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane, wasu cikin mari, daga gidajen horo a jihohin Kaduna da Katsina.

A fara da asibitin unguwa, ko likita kamar yadda ake cewa a Nijar, don a tura mutum inda ya dace. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano. Idan kuwa aka tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ko yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a cusa masa cokali a baki. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, kowane ɓangare na iyaka yake, tare da kwalin abin da ya sha.