Kiɗan da Kwamfuta Ke Yi da Kanta: Gaskiya da Ƙarya a Jita-jitar Sabon Gari

Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka keɓe Sabon Gari don baƙin da suka biyo dogo, sabon sauti ya saba shigowa birnin ta wannan ƙofa. A nan aka buɗe silimar Rex a 1937, kuma har gobe a nan ake cinikin sifika, amfilifaya, makirfo da fiyano. Duk mai son haɗa situdiyo a Fagge ko Zoo Road, da wuya ya gama sayayya bai taka unguwar ba.

Yanzu wani irin kiɗa ne ke ta da ƙura. Ba shi da ganga, ba shi da baiti, ba a taka rawa da shi. Sauti ne mai tsawo da ke shimfiɗuwa a hankali, ya kumbura, ya lafa, wani lokaci ya yi awa guda bai maimaita kansa ba. Masu yin sa na kiransa kiɗan yanayi. Ana jin danginsa a bayan fim idan an zo wurin baƙin ciki, da cikin majami'un Sabon Gari lokacin da mai fiyano ya danne sauti ɗaya yana jan sa a ƙarƙashin addu'a, da kuma bidiyoyin YouTube na masu neman barci. Da aka ce akwai nau'insa da manhaja ke saƙawa da kanta, sai zance ya yi yawa a bakin shago da zaurukan WhatsApp. Ga abin da ya inganta, ga wanda bai inganta ba.

"Kwamfuta ce ke yin komai, mutum ba ya taɓuka komai"

Wannan ƙarya ce da 'yar gaskiya a jikinta. Tabbas idan aka kunna, kiɗan na tafiya ba tare da an sa hannu ba. Amma mutum ne ya zaɓi sautukan, ya yanke tsawonsu, ya kafa dokar da za su bi.

A ɗauki matashi a ɗan ɗakinsa da kwamfutar cinya. Ya naɗi sauti uku: jan goge ɗaya, bugun gurmi ɗaya, da muryarsa yana jan numfashi. Ya sa gogen ya riƙa dawowa duk bayan daƙiƙa 17, gurmin duk bayan 23, muryar duk bayan 29. Da yake lambobin ba sa raba juna, sautukan ba za su sake haɗuwa yadda suka faro ba sai bayan daƙiƙa 11,339, wato sama da awa 3. In ya ƙara na huɗu mai dawowa bayan daƙiƙa 31, sai an kwana 4 ana saurare. Aikinsa irin na mai ban-ruwa ne a Kadawa: shi ya yanka hanyoyin, ya buɗe bakin, ruwa kuma ya bi. In ya zaɓi sautukan da ba sa jituwa, awa ukun nan duk hayaniya za a sha.

Da wannan dabara Brian Eno, makaɗin Ingila, ya yi wani ɓangare na faifansa Music for Airports a 1978, tun ba a san kwamfutar gida sosai ba. Zaren kaset ya yayyanka tsawo daban-daban, ya liƙe bakin kowanne da gindinsa, ya zagaya su jikin kujerun ƙarfe a situdiyo suna juyawa. Sai a 1996 ya fitar da irin wannan aiki ta manhajar Koan, a 2008 kuma shi da Peter Chilvers suka kawo shi waya da sunan Bloom. A Landan akwai Longplayer na Jem Finer, wanda ya fara sauti da shigowar shekarar 2000, aka tsara shi ya yi shekara 1,000 bai maimaita kansa ba.

"Ai shi ne ƙirƙirarriyar basira"

Ba ɗaya ba ne. Manhajoji irin su Suno da Udio an ɗura musu ɗimbin waƙoƙin da aka riga aka naɗa, mutum ya rubuta abin da yake so, su zubo masa waƙa da murya da kiɗa. A kan haka ne manyan kamfanonin faifai, Universal da Sony da Warner, suka maka su kotu a Amurka a watan Yunin 2024. Tsarin matashin nan mai goge da gurmi bai koyi waƙar kowa ba. Agogo ne da ƙidaya, wani lokaci da ɗan ƙuri'a: a ce wa manhaja ta buga wannan sauti sau 3 cikin 10, ta bar sauran shiru.

"Muryoyin aljanu ne a ciki"

Abin da ke ba mutane tsoro sananne ne ga duk wanda ya taɓa murɗa mikisa. Na farko amsa-kuwwa: na'ura ta riƙe sauti, ta sake shi bayan ɗan lokaci, ta sake mayar da shi ciki yana raguwa. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bangon da ke nesa da mita 17 kan dawo wa mutum da muryarsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Wannan lissafin na'urar ke kwaikwayo. Na biyu shi ne amon ɗaki, dubban ƙananan amsa-kuwwa da ke cakuɗewa, irin wanda ake ji a babban masallaci ko sito da ba kaya. Na uku jan sauti: manhajar PaulStretch kan miƙe daƙiƙa 5 ta koma minti da yawa, har kalma ta narke ta zama shuuu.

Kunnen Bakano ya daɗe da sanin biyun farko. Sha'irai a majalisin maulidi, sankira a wurin biki, masu tallan magani a mota, duk suna cewa a ƙara musu eko. Haka muryar nan mai santsi kamar ta ƙarfe a waƙoƙin nanaye: Auto-Tune ce, wadda ta fito a 1997 daga hannun Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur.

"Yana bugarwa kamar ƙwaya"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi tayar wa iyaye hankali, kuma ba a ga laifinsu ba a garin da ya ga ɓarnar kodin, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi da sarrafa shi a 2018. Zancen ya samo asali daga wani abu na gaske. In aka sa wa kunnen hagu sauti mai kaɗawa 200 a daƙiƙa, na dama mai 210, ƙwaƙwalwa kan ji wani bugu na uku mai kaɗawa 10. Masanin Jamus Heinrich Wilhelm Dove ya bayyana haka tun 1839. Daga baya 'yan kasuwar intanet suka riƙa sayar da irin wannan sauti da sunayen ƙwayoyi, aka yi ta firgita a jihar Oklahoma ta Amurka a 2010, sannan a Lebanon da Saudiyya a 2014.

Bugun na nan, amma binciken masana bai tabbatar da cewa yana sa maye ko jarabar da jiki ke kamuwa da ita ba. Babu wani sinadari da ke shiga jini ta kunne. Kuma yawancin kiɗan yanayi ba ya ma amfani da wannan dabara.

"Yana warkar da cuta in an saita shi a 432"

Masu wannan magana na cewa ma'aunin kaɗawa 440 a daƙiƙa da ake saita fiyano a kai makirci ne, 432 kuma shi ne na halitta mai magani. Gaskiyar ita ce 440 yarjejeniya ce da aka cimma a wani taro a Landan a 1939, hukumar ma'auni ta duniya ta karɓe ta daga baya, don kayan kiɗan ƙasashe su jitu da juna. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ba ta kai sulusin taki ɗaya na madannin fiyano ba. Mai kukuma ko garaya a ƙasar Hausa bai taɓa bin ko ɗaya ba, tsirkiyarsa yake ɗaurewa daidai da muryar mai waƙa.

Abin da ke gaskiya shi ne sauti mai taushi na taimaka wa mutane da yawa su natsu ko su yi barci, musamman a unguwar da janareta ke kwana yana ruri. Amma mai hawan jini ko ciwon suga da ya ajiye maganinsa ya koma sauraren waya, ya jefa kansa cikin haɗari.

"Harkar Turawa ce, sai mai kuɗi"

A shekarar da Eno ya fitar da faifansa, 1978, Mamman Sani ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya naɗi La Musique Électronique du Niger. Sautukansa masu sanyi, da yawansu an gina su kan kiɗan gargajiyar Nijar, sun yi shekaru suna cike giɓi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar, mutane na jin su kullum. Kamfanin Sahel Sounds ya sake buga kaset ɗin a 2013, shekarar da ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Hama, wani makaɗin Yamai, ya bi sahu da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019.

Kano ma ba baƙuwa ba ce a kiɗan na'ura. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya rubuta yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama ƙashin bayan kiɗan fim tun shekarun 1990, zamanin da ya haifi fim ɗin Sangaya. Daga nan aka koma manhajar FL Studio, wadda yaran situdiyo ke kira Furuti. Wanda ya iya ta ya riga ya riƙe kayan aikin. Manhajojin Audacity, Pure Data da Sonic Pi kyauta ne, haka sigar farko ta VCV Rack. Abin da ya fi tsada a Sabon Gari shi ne wuta da shiru, shi ya sa masu naɗar sauti kan jira dare ya raba.

Inda masu gargaɗi suka yi gaskiya

Na farko kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti da ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. Kiɗan yanayi na da tarko a nan, don taushinsa kan sa mutum ya ƙure ƙara a cikin hayaniyar kasuwa, ko ya kwana da abin ji a kunne. Ƙwayoyin ji da suka mutu ba sa dawowa.

Na biyu haƙƙin mallaka. Wasu na ɗauka in an ja muryar mawaƙi har ta narke, ta zama ta kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗaɗɗen sauti kuma shekara 50. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, magadansu na nan. Mai son amon kalangu ko kuntigi a aikinsa yana da hanya mai tsafta: ya nemi makaɗi, su daidaita kan lada, ya naɗe shi da izininsa a rubuce, ya sa sunansa a jikin aikin. Makaɗan gargajiya sun rasa kasuwa mai yawa tun da fiyano ya shiga fim, kuma kowane irin wannan naɗi aikin yini ne da ya dawo hannunsu.