Gonakin da Ƙwaro Ya Tsallake

A shekarun 1860 wani ƙwaro da ido ke gani da ƙyar ya shiga Faransa daga Amurka, maƙale a jikin dashen inabi. Filoksera ake ce masa. A ƙarƙashin ƙasa yake ɓarnarsa, ya yi ta tsotsar saiwa har kurangar ta bushe a tsaye, manomi na kallo bai san me ke cinta ba. Sai a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ya tona ya gan shi. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga duk wanda ya kawo magani. An malala wa gonaki ruwa, an ɗura wa ƙasa guba, kuɗin dai ba wanda ya karɓa.

Abin da ya fid da manoma shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: saiwar Amurka da ta saba da ƙwaron a ƙasa, reshen Faransa a sama. Kusan duk inabin Turai na yau ɗan aure ne.

Wajen 1890 annobar ta isa yankin Shamfen, inda ake yin giyar nan mai kumfa, ta yi kaca-kaca da gonaki. Amma ta tsallake wasu 'yan fegi uku na gidan giya na Bollinger: Clos Saint-Jacques da Chaudes Terres a garin Aÿ, sai Croix Rouge a Bouzy. Biyun da ke Aÿ, ko an haɗa su, ba su kai rabin hekta ba.

Ko wanda bai taɓa kusantar kwalba ba, in dai manomi ne, zai tsaya ya kalli yadda ake noma su. Babu layi, babu waya. Kurangar a cunkushe take, kowace da sandarta. Idan lokaci ya yi, sai ma'aikaci ya lanƙwaso reshe ya binne shi, ya bar kan a waje. Reshen ya yi sabuwar saiwa, tsohuwar shukar ta ci gaba da rayuwa a cikinsa. Tarakta ba ta da wurin shiga, kusan komai da hannu ne.

Shekara da shekaru ana zuba inabin cikin sauran amfanin gidan. Wani ɗan jaridar Ingila, Cyril Ray, shi ya ba Lily Bollinger, wadda ta riƙe kamfanin tun 1941, shawarar a ware shi. Aka ware girbin 1969, aka sa masa suna Vieilles Vignes Françaises. Baƙin inabin Pinot Noir ne zalla, kwalabe 'yan dubbai, kuma ba kowace shekara ake fitarwa ba. Kwalba ɗaya takan haura Yuro dubu, kuɗin da ni dai nake ganin rabinsa na labarin ne.

Ƙwaron kuwa bai tafi ko'ina ba. A 2004, bayan fiye da ƙarni guda, ya cim ma Croix Rouge ya kashe ta. Saura gonaki biyu.